Malam Attahiru Direba: Mutumin da Aka Rasa Motar Ɗaukarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar mahaifina, Malam Attahiru Direba na Kebbe, ya same ni a tsaye cikin tashar mota ta Tambuwal, da hantsi, ina riƙe da ƙofar wata mota ina roƙon mai ita ya kai mana shi Sakkwato. Ina cikin maimaita masa cewa likita ta ce ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, sai wayata ta yi ƙara. Sahabi ne, ɗan ƙanen Baba, wanda na bari a bakin gadonsa a asibiti. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Yaya Murtala, bar neman mota. Taho." Na saki ƙofar. Direban bai san abin da aka gaya mini ba, ya leƙo ta taga ya ce Allah Ya ba mai jiki lafiya, ya ja motarsa ya koma layi.

Tun da aka share makoki mutane ke ba ni haƙuri, wasu kuma da suka ji zan yi rubutu suka ce in faɗi alherin mamaci kawai in yi shiru, wai ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na yarda da ƙaddara, kuma na san ko da jirgi aka ɗauki Baba ba zai wuce ranarsa ba. Amma ban yarda a ɗauko ƙaddara a lulluɓe abin da mutane suka aikata da hankalinsu ba. Ba zan iya faɗin alherin Baba ba tare da faɗin abin da aka yi masa ba, domin a kan abu ɗaya ne duka biyun suka faru. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Tun kafin a haife ni Baba yake tuƙi tsakanin Kebbe da Tambuwal, wani lokaci ya zarce Dogon Daji ko Sakkwato in lodi ya kama. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, wadda sai an daki ƙofar da gefen hannu take rufuwa. A bayanta, inda sauran direbobi ke cusa ƙarin buhu, shi tabarma yake ajiyewa a naɗe, da matashi, da buta, da wata tsohuwar roba. Da ina yaro na ɗauka kayan sallarsa ne. Sai daga baya na gane na marasa lafiya ne: tabarmar ta kwanciya, robar ta mai amai. In aka kawo mara lafiya tasha, Baba zai sauke mutanen kujerar baya ya haɗa su da wata motar, ya shimfiɗa tabarmarsa. In wani ya yi gunaguni sai ya ce, "Kai fasinja na, wanga amana na. Kai kana iya jira."

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa ƙarya. Baba yana da zafin rai, kuma bakinsa ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar daji ya sauke wani ɗan kasuwa don ya yi wa wata tsohuwa tsawa a kan ta ɓata masa riga. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa jin ya ce mun yi ƙoƙari ba; ranar da na kawo masa takardar kammala karatun malanta, juya ta ya yi ya duba bayanta, ya ce in kai wa Inna ta adana kada ɓera ya ci. Amma mutumin nan da ba ya iya lallashin ɗansa, in ya ɗauko mai naƙuda sai ya bi ramukan hanyar Kebbe ɗaya bayan ɗaya, yana taka burki tun daga nesa, yana ce wa matar, "Sannu, ɗiyata, ga wani nan tafe, riƙe da kyau." Fasinjojin gaba su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Wanda ya girma a ƙasarmu ya san abin da kalmar sanƙarau take yi wa zukata in bazara ta tsaya, dare da rana zafi, mutane suna kwana a cunkushe. Kuma a tashoshinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: motar da aka ji ta ɗauko mai sanƙarau, fasinja ba ya shigarta. Za ta zauna a layi ana nuna ta da baki, a tsallake ta a shiga ta bayanta, har sai an manta. Saboda haka direbobi suke gudun irin wannan mara lafiya tun daga nesa. A wata shekara da ciwon ya yi tsanani, ina makarantar sakandare, Baba kaɗai ya rage yana ɗauka. Yakan sauke gilasai duka, ya naɗe hancinsa da rawani, ya tafi. In ya dawo, Inna ba ta barin shi ya shigo sai ya tuɓe riga a zaure ya yi wanka da sabulu. Motarsa ta yi makonni ba mai shiga, har aka sa mata suna motar asibiti, mu kuma a gida muka koma tuwo da miyar kuka babu ko man shanu. Da Inna ta yi magana, ya ce, "Mota ba ta yin sanƙarau. In ni na ƙi shi, wa za shi ɗauke shi, jaki?"

Shekarun baya kaɗan idonsa ya fara ba shi matsala, amma wata irin matsala da ba mu saba ji ba. Yana iya karanta lambar motar da ke can gabansa, amma abin da ke gefe ba ya ganinsa. Ya fasa madubin gefe a bakin wata rumfa. Ya goga wa wata akuya. Ya ce mana, "Gaba nika gani tas, amma gefe awa an sa mani labule." Ya sayi tabarau a kasuwa, ya sha maganin ɗigawa iri-iri daga kemis, duk inda ya je sai a ce masa tsufa ne. Ranar da wani mai babur ya fito masa daga hagu bai gan shi ba sai da ya ji ƙarar ƙarfe, ranar ya ajiye tuƙi, ko da yake mutumin ƙujewa kawai ya yi. Ya ce ba zai ɗauki rayukan mutane da rabin ido ba. Ya sayar da motar ga wani abokin aikinsa, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi tun yana saurayi. Bayan haka ya riƙa yawan kasala, abinci ya fita ransa, yana jin sanyi ana tsakar zafi. Kowa ya ce kewar motarsa ce ke cin sa.

Duk da haka bai bar tasha ba. Kullum da safe zai je ya zauna a rumfar direbobi, ya raba faɗan layi, ya yi wa matasa faɗa a kan gudu. A nan ciwon ya same shi, cikin bazarar bana. Yana zaune ana hira, sai ya dafe kai da hannu biyu ya ce kamar an sare shi da gatari. Ya yi amai a wurin. Kafin a kai shi wani ɗan asibiti da ke cikin gari jikinsa ya yi zafi, wuyansa ya sanƙare, ba ya son haske ko kaɗan. A ƙasarmu, a wannan lokaci na shekara, waɗannan alamu suna ɗaya gare su. Aka kai shi ɗakin baya inda ake keɓe masu sanƙarau, aka fara yi masa allurai. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a Kebbe cewa sanƙarau ya kama Attahiru Direba.

Ban zargi kowa a kan waɗannan allurai na farko ba. Likitar da ta gan shi daga baya ta ce daidai aka yi, domin sanƙarau ba ya jira, gara a fara maganinsa a kan zato da a tsaya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da aka sa wa ciwon suna sai aka daina duba mara lafiyar. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ta lura fatar idonsa na hagu ta faɗi ta rufe idon, ba ya iya ɗaga ta. Ta gaya wa ma'aikacin da ke wurin, ta ce, "Malam, duba idonai. Kuma yac ce mu biyu shika gani, alhali ni ɗaya ta." Ya amsa mata daga nesa cewa zafin ciwo ne ke sa sambatu. Jininsa yana ta yin ƙasa, ana ƙara masa ruwa leda bayan leda, ba ya hawa. Waɗanda aka kwantar tare da shi suka fara tashi zaune suna shan kunu, shi kuma yana ƙara nutsewa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya ce, anya ciwonsu ɗaya? Babu wanda ya tsaya.

Ni ina koyarwa a Tambuwal. Washegari na isa Kebbe, na same shi yana magana da ƙyar. Da aka sake kwana ba sauƙi, sai ma'aikatan suka ce mu yi gaba da shi. Na tambayi motar asibiti, aka nuna mini ita a bayan gini, a kan duwatsu, babu taya ko ɗaya, kaji suna hutawa a ƙarƙashinta. Ban damu sosai ba a lokacin. Na ce a raina, mahaifina direba ne, tasha gidansa ce, mota ba za ta zama abin nema ba.

Na shiga rumfar da ya faɗi a cikinta. Duk iyayena ne a wurin, mutanen da suka ci tuwon sunana. Kowa ya tambaye ni mai jiki, kowa ya yi addu'a mai tsawo. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai kowa ya fara kawo uzuri. Wannan ya ce tayarsa ba ta da ƙwari. Wancan ya ce an riga an yi masa shata. Wani ya tashi ya tafi alwala, lokacin salla bai ko kusa ba. Na buga wa masu motocin gida da na sani, wanda ya ɗauka ya ce direbansa ba ya gari. A ƙarshe na je wurin mutumin da ya sayi motar Baba. Tana nan a layi, ana ɗaura mata buhuna. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kai kaɗai ka rage mani." Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Ɗana, wallahi ba ƙi nika yi ba. Amma ka san halin mutane. In anka ji na ɗauko mai sanƙarau, ba mai sake shiga motag ga har damina. Ga iyali. Ka yi mani uzuri." Na dube shi, na dubi motar, na ga tabarmar Baba tana nan a bayanta inda ya bar ta.

Aƙalla shi ya faɗi gaskiya, sauran ko wannan ba su iya ba. Amma ina so wanda ke karanta wannan ya san cewa babu ɗaya a rumfar nan da Baba bai taɓa ɗaukar wa mara lafiya ba, uwa ko mata ko ɗa. Shi ma yana da iyali a shekarar da motarsa ta zauna ba fasinja. Mu ne iyalin.

A kan babur muka ɗauke shi, da rana tsaka. Sahabi yana tuƙi, Baba a tsakiya, ni a baya, Inna ta cire zanenta na sama muka ɗaure shi a jikin Sahabi don kada ya zame. Mutumin da wuyansa ba ya lanƙwasuwa, a kan hanyar Kebbe. Na tallafe kansa da tafin hannuna, amma duk ramin da muka faɗa sai na ji nishinsa a ƙirjina. Mun yi nisa sai na ji mota tafe a bayanmu. Sahabi ya ratse gefe, ta wuce mu cike da mutane da buhuna. Ita ce. Na gode wa Allah da idon Baba yake rufe. Ashe kunnensa yana aiki. Ya motsa baki, na sunkuya, na ji ya ce, "Wagga tawa ta. Bai canza mata baƙin mai ba."

A wani asibiti a Tambuwal muka samu wata likita, matashiya, mai ƙarancin magana. Na gaya mata an ce sanƙarau ne. Ta ce ta ji, amma in ba ta labarin tun daga farko. Ta tambaya ko ciwon kan a hankali ya taso ko farat ɗaya. Ta ɗaga fatar idonsa da yatsa, ta haska, ta ce ya bi hannunta da ido, na hagun ya ƙi tafiya. Ta kaɗa yatsunta ta gefen fuskarsa, dama da hagu, bai san tana yi ba. Ta ce, "Malam, kafin wannan ciwon yana da matsalar gani?" Na ba ta labarin madubin gefe, da mai babur, da sayar da mota, da kasala da jin sanyi. Ban gama ba ta juya ta ce wa nas ta kawo allurar haidirokotizon yanzu, ta jijiya, a kuma ɗebi jini a duba gishiri da sukari. Sai da allurar ta shiga sannan ta zauna ta yi mini bayani.

Ga abin da na fahimta, kuma na roƙe ta ta maimaita har ya zauna mini. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu, akwai wata 'yar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, likitoci suna ce mata fituwitari. Ita ke ba sauran sassan jiki umarnin fitar da sinadaran da ke riƙe ƙarfin jini da gishiri da sukari. Wani lokaci ƙari yakan tsiro a kanta ya yi shekaru yana girma a hankali. Da yake jijiyoyin gani ta samanta suka bi, abin da ya fara dannewa shi ne ganin gefe. Sai wata rana jini ya ɓalle a cikin ƙarin, ya kumbura farat ɗaya. Jinin yana taɓa rigar ƙwaƙwalwa, wuya ya sanƙare, zazzaɓi da amai su zo, komai ya yi kama da sanƙarau. Amma ciwon kan yakan sauko lokaci guda, fatar ido ta faɗi, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, jini ya yi ƙasa ya ƙi hawa ko an ƙara ruwa, domin sinadarin da ke riƙe shi ya yanke. Allurar da ta yi masa ita ce madadin wannan sinadari. Ta ce ba za ta rantse ba sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba za ta tsayar da maganin sanƙarau ba, amma duk alamu can suka nufa, kuma wannan ciwo ba ya kama kowa.

Na tambaye ta ko allurar mai wuyar samu ce. Ta ce a'a, tana cikin magungunan da bai kamata ko ƙaramin asibiti ya rasa ba. Abin da ya zo bakina bai dace a faɗa a gaban mace ba, na haɗiye shi.

Zuwa yamma Baba ya farfaɗo. Jininsa ya ɗan hau, ya sha ruwa, ya gane Inna, wadda ta biyo mu a wani babur. Ya tambayi Sahabi ko hanyar ba ta lalata masa taya ba. Sannan ya juyo da idonsa mai gani wajena ya ce, "Murtala, kak ka tafi tashar Kebbe da faɗa. Ni za ni da kaina in na tashi." Har Inna sai da ta yi dariya. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi mini.

Likitar ba ta ruɗe mu da wannan sauƙi ba. Ta ce jininsa ya daɗe a ƙasa, ƙodarsa ta taɓu, fitsari ya ragu. Dole a kai shi Sakkwato inda ake da na'urar hoto da likitocin da ke iya shiga ta hanci su cire abin da ya danne. Kuma wannan karon ba babur, sai a kwance, da ruwa a hannu. Motar asibitin ta tafi da waɗanda suka yi haɗari ba ta dawo ba. Shi ya sa gari na wayewa na nufi tashar Tambuwal. Ashe labari ya riga ni, direbobin hanya ɗaya ne suka kawo shi. Duk wanda na gaya wa likita ta ce ba sanƙarau ba ne, sai ya ce, "Haka kowa ka cewa." Ina cikin wannan Sahabi ya kira.

Da na koma, likitar ta same ni a baranda. Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce ba za ta ce mini da an kawo shi da wuri lalle zai rayu ba, rai na Allah ne, amma masu irin wannan ciwo da yawa suna tashi in allurar ta same su a kan lokaci. Ta ƙara da abin da ya fi yi mini ciwo: ko da sanƙarau ne na gaske, wanda ya kwana ya wuni ana yi masa allura bai cika zama haɗari ga wanda ya ɗauke shi, balle an buɗe gilasai an rufe hanci. Wato abin da aka guje wa Baba dominsa babu shi ta kowace fuska.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi. In naka ya kwanta da ciwon kai da sanƙarar wuya, ka gaggauta kai shi asibiti, a yi masa maganin sanƙarau, wannan ba wasa ba ne. Amma ka buɗe baki ka faɗi yadda ciwon ya fara, ka faɗi abin da ka gani a idonsa, ka faɗi in ya daɗe yana karo da abubuwa ta gefe. In an yi maka banza ka sake faɗa. Ku kuma ma'aikatan lafiya, muna ganin wahalarku da ƙarancin kayan aikinku, amma ɗaga fatar ido da kaɗa yatsa a gefen fuska ba sa bukatar wutar lantarki. In tsohuwa ta ce muku ga abin da ta gani, ku tako ku duba.

Kafin azahar, muna shirin wanka, aka ce in fito. A bakin asibitin motoci ne a jere, na Kebbe, har sun tare hanya. Waya ta kai musu labari, sun bar lodi sun taho ɗaukar gawa. A gaba motar Baba ce, an wanke ta, an cire kujerun baya, an shimfiɗa tabarmar. Mai ita yana tsaye yana kuka, kuma na san kukan gaskiya ne. Ya ce, "Ɗana, mun zo mu kai shi gida. Jama'a na can na jira, an fara gina kusa da mahaifinai."

Inna ce ta fito ta amsa masa. Matar da tun da aka kawo ta gidan Baba ba ta taɓa tsayawa gaban abokansa ta yi magana ba, sai dai ta bayan labule. Ta ja hijabinta, ta tsaya a kan matakala, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sannunku da hanya. Jiya motocin ga ba su da lafiya?" Wani dattijo a cikinsu ya ce ta yi haƙuri, yau ba ranar wannan ba ce, a bari a kai mutum cikin danginsa. Ta ce, "Da ranai kunka ce iyali. Ku koma ga iyalinku. Tambuwal ma ƙasar Allah ta." Ta juyo gare ni ta ce a binne shi nan. Wani malami da ya zo yi mana wankan gawa ya ce babu laifi a shari'a, gaggautawa ma ta fi.

A Tambuwal muka yi masa sutura. Ba mu hana kowa salla ba, sun bi sahu, sun bi mu har maƙabarta, a kafaɗa muka kai shi. Mutumin da aka haifa a Kebbe, ya yi aure a Kebbe, ya ƙare ƙarfinsa a kan hanyarta, yana kwance cikin mutanen da bai sani ba, ramin da aka gina masa kusa da mahaifinsa aka mai da ƙasa aka rufe. Bayan la'asar motocin suka juya ɗaya bayan ɗaya suka kama hanyar gida babu kowa a ciki.

Allah Ya jiƙan Malam Attahiru, Ya gafarta masa zafin ransa da duk abin da ya yi kuskure, Ya sa wahalar kwanakinsa na ƙarshe ta zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa cikakke a gidan da babu ciwo. Allah Ya ba Inna haƙuri a cikin takabarta, Ya dafa wa ƙannena, Ya saka wa Sahabi da likitar nan da alheri. Abokansa na tasha kuwa, ban kai ga yafe musu ba tukuna, ba zan yi ƙarya a cikin addu'a ba. Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yi, su kuma Ya ba su zuciyar ɗaukar na gaba da za a kawo musu. Ya Ubangiji, bawanka ya zo gare Ka bayan ya sha jira a hannun mutane. Kada Ka bar shi yana jiran rahamarKa. Amin.